Bala Usman, Dajin Rugu, da Masu Yabon da Ba Su Karanta Shi Ba

Ranaku biyu ne ke maƙwabtaka da juna a kalandar Katsinawa. Ranar 23 ga Satumba, 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Ranar 24 ga Satumba, 2005, Allah Ya yi wa Dakta Yusufu Bala Usman rasuwa a Zariya. Duk shekara idan makon ya zagayo, sai hoton marigayin ya cika Facebook da WhatsApp ana jero masa kirari: ɗan gwagwarmaya, jikan sarki mai kishin talaka, malamin da bai san tsoro ba. Kirarin duk gaskiya ne. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin masu jero shi, da zarar an kai hari Batsari ko Safana, su ne kan gaba wajen dunƙule lamarin a jimla ɗaya: wai yaƙi ne tsakanin Hausawa da Fulani, wanda aka faro tun 1804 ba a gama ba.

Wannan jimla ita ce ainihin abin da Bala Usman ya ƙarar da rayuwarsa ta ilimi yana rusawa, kuma a kan tarihin ƙasar Katsina ya fara rusa ta, ƙasar da Ruma da Zakka da Runka suke cikinta. Wanda ya yabi mutumin da safe, ya maimaita jimlar da yamma, ko dai bai karanta shi ba, ko kuwa ya karanta ya zaɓi ya ci amanarsa. Lamarin kuma ya wuce gardamar malaman jami'a, domin yadda aka fassara rikici shi ke yanke wanda za a kashe a kasuwa gobe, da wanda za a bari ya ci gaba da cin riba.

Jikan sarki da ya tuhumi labarin fada

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa a 1945. Mahaifinsa Durɓin Katsina ne, kakansa kuwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka ɗora a kan gadon sarauta a 1906. Ya yi Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lankasta da ke Ingila, ya dawo ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya shiga Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a zamanin Farfesa Abdullahi Smith. A can ya kammala digirinsa na uku a 1974. Kundin da ya rubuta shi ne madaba'ar jami'ar ta buga a 1981 da sunan *The Transformation of Katsina, 1400–1883*, wato nazarin yadda tsarin sarauta ya kafu a Katsina, yadda aka kifar da shi, da yadda tsarin masarautar jihadi ya maye gurbinsa.

Galibin masu tuna shi siyasarsa suke tunawa, kuma tana da abin tunawa. Shi da Dakta Olusegun Osoba suka ƙi sa hannu a daftarin tsarin mulkin da kwamitinsu ya shirya a 1976, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Abdulƙadir Balarabe Musa, lokacin da gwamnatin PRP ta soke haraji da jangali, ta kuma kafa hukumar binciken gonakin da aka ƙwace wa talakawa. Katsina duka tana cikin Kaduna a lokacin, don haka manoman Batsari da makiyayan Runka na cikin waɗanda matakan suka shafa. A 1989 aka raba shi da aikinsa na jami'a, kotu ta mayar da shi. Daga baya ya kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya.

Amma siyasar tasa daga hanyar bincikensa ta tsiro. Don rubuta tarihin Katsina bai tsaya a fadar kakansa yana sauraron maroƙa ba, bai kuma tsaya ga rahotannin razdanoni da ke ajiye a Kaduna ba. Ya bi garuruwa da ƙauyuka yana tattara tarihin baka, ya ƙetara iyaka ya ji ta bakin Katsinawan Maraɗi, waɗanda a labarin fadar Katsina su ne abokan gaba. Kowace majiya sai ya tambaye ta: wa ya faɗa, a ina yake tsaye da ya faɗa, me yake so a yarda da shi? Ko matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda Turawa ke ɗaukar rubutunsa tamkar yankan wuƙa, sai da Bala ya keɓe masa maƙala guda yana nuna yadda tunanin Turai na ƙarni na 19 game da jinsi da launin fata ya riƙa juya abin da idonsa ya gani a Katsina. Haka ya yi wa M. G. Smith da ire-irensa, waɗanda suka ɗauki Haɓe da Fulani a matsayin tubalan gina kowane bayani.

Abin da ya fito da shi shi ne: jihadin Katsina rikici ne da ya tsaga al'ummar Katsina daga cikinta. Akwai malamai da fatake da manoma da makiyaya da tsarin sarauta ya matse, akwai waɗanda suke cin moriyarsa, kuma layin da ya raba su bai bi layin harshe ko asali ba. Jagororin jihadin uku a Katsina, Ummarun Dallaji da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, ba su ma zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba, balle a ce wata ƙabila ce ta tashi gaba ɗaya ta hau kan wata. A littafin da suka rubuta da Alƙasum Abba a 2000, *The Misrepresentation of Nigeria*, ya faɗaɗa hujjar zuwa Najeriya duka: ƙabilun da ake rantsuwa da daɗewarsu abubuwa ne da tarihi ya ƙera, yana kuma ci gaba da narkarwa yana sake ƙerawa.

Yadda garuruwa suka koma daji

Wanda ya san wannan tarihi ba zai dubi Dajin Rugu yadda ake nuna shi a labarai ba, wato wani baƙin ƙungurmi da ya wanzu tun fil azal, mugaye suka samu suka shige. Yammacin Katsina ƙasar garuruwa ce masu ganuwa kafin ta zama daji, kuma mutane ne suka mayar da ita dajin.

Bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a wajejen 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna ta yi arewa. Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi a wajejen 1819, kuma har yau sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata. Daga nan aka samu Katsina biyu, kowacce na cewa ita ce halattacciya, ƙasar da ke tsakaninsu kuwa ta zama fagen daga. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Wannan bai kashe wutar ba. A farkon shekarun 1840 garuruwan yankin Ruma suka yi tawaye da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Sarkin Katsina Siddiƙu, ɗan Ummarun Dallaji, ya murƙushe tawayen da tsananin da ya bar garuruwa kufai, jama'a suka watse, itatuwa suka rufe gonaki. Yankin da tsofaffin rubuce-rubuce ke kira Dajin Rubu, inda Rugu yake a yau, daga wannan ɓarna ya yi kauri.

Abu biyu suka biyo baya da ya kamata masu labarin ƙabila su tsaya su duba. Na farko, a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiƙu daga sarauta. Na biyu, Siddiƙun da aka tuɓe, ɗan mai tutar Shehu, daga baya wajen Maraɗawa ya koma, ya haɗa kai da su a kan Katsinar da ya mulka. Idan yaƙin na jini da asali ne, ina za a ajiye wannan? Mulki ake nema, kuma mai neman mulki ba ya tambayar harshen wanda zai ba shi dawaki.

Dajin da aka samar da sunan hukunta 'yan tawaye shi ya zama hanyar mahara. Lokacin da Barth ya tashi daga Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi a watan Maris na 1853, sai da ya jira ayarin Galadiman Sakkwato mai rakiyar mayaƙa, suka bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana, kafin su kutsa daji cikin fargabar Gobirawa. Hare-haren Ɗan Baskore, da na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin, duk sun ci moriyar wannan fili da ba kowa. Darasin a bayyane yake: hukumar da ta kwashe jama'a daga ƙasa don ta huta da fitinarsu, ta share wa mahara hanya ce da hannunta. Har yau sunayen sarautun yankin na ɗauke da tabon wancan zamani. Hakimin Batsari Sarkin Ruma ne, sunan garin da tawayen ya tashi a yankinsa.

Daji na biyu, wanda takarda ta yi

Bayan 1903, da yaƙe-yaƙen suka lafa, manoma suka koma yamma suna sare daji, makiyaya suka shigo da garkunansu. Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Abin da ya saura na dajin aka mayar da shi gandun gwamnati. A shekarun 1960, musamman bayan Dokar Wuraren Kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, gandun Ruma da Kukar Jangarai ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fara gwada zaunar da makiyaya, da madatsun ruwa da kula da lafiyar dabbobi a yankin Runka. A wancan lokaci gwamnati ta san akwai mutane a cikin dajin, ta san shanunsu, tana da abin da take ba su da abin da take karɓa.

Wannan alaƙa ce ta ruɓe a hankali. Madatsun suka cike da yashi, ma'aikatan dabbobi suka daina zuwa. Jama'a ta ƙaru, gona ta ci burtali, ta ci mashaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa rabon fili a hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi, masu hannu da shuni suka riƙa samun manyan gonaki a inda dā kiwo ake yi. Makiyayin da shanunsa suka yi ɓarna ya saba da cewa tsakanin ɗan sanda da alƙali da mai gari sai ya sayar da sa kafin ya fita. Manomin da aka cinye wa amfani shi ma ya saba da cewa diyyar ba za ta iso hannunsa cikakkiya ba. Yara suka tashi a rugage ba boko ba allo. Da satar shanu ta ƙazanta daga wajejen 2011, makiyayan ne suka fara ɗanɗana ta, kuma ba wanda ya bi musu sawu. Bindigogi suka kwararo bayan rushewar Libiya, 'yan sa-kai suka fara yanke hukunci a kasuwanni bisa kamannin fuska, ramuwa ta haifi ramuwa, daga nan garkuwa da mutane ta zama sana'a mai cin gashin kanta.

Sakamakon kowa ya san shi. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji ta Batsari, jama'a suka ɗauko gawarwakin har Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairun 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. A watan Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. A watan Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, 344 suka dawo bayan kwana shida. Batsari da aka sani da rogo ta zama garin 'yan gudun hijira, ƙauyuka suka koma kufai, ciyawa ta rufe gonaki. Abin da ya faru a shekarun 1840 yana sake faruwa a kan ƙasa ɗaya.

Hujjar masu labarin ƙabila

Adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Suna cewa: mafi yawan masu ɗauke da bindiga a dajin Fulatanci suke yi, mafi yawan ƙauyukan da aka ƙona na manoma Hausawa ne, kuma su kansu shugabannin 'yan bindigar da sunan Fulani suke kuka idan an miƙa musu makirufo. Wanda aka kashe wa uba, aka sace wa mata, ba ya bukatar malamin jami'a ya gaya masa harshen da maharan suka yi magana da shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk bayanin da ya musanta shi cin fuska ne ga waɗanda aka zalunta. Akwai ma wani rauni da almajiran Bala suka cika faɗawa, na ɗaukar ƙabilanci tamkar hayaƙi kawai da masu mulki ke busawa. Abin da aka zubar da jini da sunansa ya riga ya zama abu mai rai, ko da ƙarya aka fara shi.

Sai dai faɗin wanda ya harba daban, bayyana dalilin da harbin ya ɗore shekara goma sha daban. Labarin ƙabila ba ya iya amsa tambayoyin da suka fi muhimmanci. Me ya sa manoma da makiyayan nan suka zauna tare mafi yawan ƙarni na 20, suna musayar taki da kara, nono da hatsi, ba a ƙona ƙauye ba? Wa ke kai man fetur da burodi da ƙwaya daji? Wa ke tsegunta wanda ya sayar da amfanin gona jiya? A wace kasuwa shanun sata ke komawa halal, kuma motar wa ke ɗaukarsu zuwa kudu? Ina miliyoyin kuɗin fansa suke shiga, tunda ba a ga bene a cikin daji ba? Duk wanda ya bi waɗannan tambayoyi zai tarar da sarƙa mai ɗauke da kowane harshe, wadda ƙarshenta yake cikin birni.

Ba zato ba ne. Kwamitin da Gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda Muhammad Abubakar ya ba da shawarar a tuɓe sarakuna biyar da hakimai da dama bisa zargin hannu a lamarin. A 2022 gwamnatin jihar ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa irin wannan zargi, kuma Zurmi ita ce maƙwabciyar Batsari ta bayan daji. Wannan ita ce irin tambayar da Bala Usman ya yi a littafinsa na 1987 kan yadda ake juya addini don biyan bukata: idan talakawa biyu suna kashe juna da sunan wani bambanci, wa ke samun sutura daga hayaniyar? Mai cewa Fulani ne matsalar, da mai cewa Hausawa ne suka fara, duk sun bar jaki suna dukan taiki, kuma mai jakin yana jin daɗin hakan.

Abin da wata iyaka mai nisa ke koyarwa

Nazarin ƙasashen da ke tsakanin dauloli, inda ikon kowa bai kai sosai ba, fanni ne mai zaman kansa a ilimin tarihi, kuma a Amurka ya fara samun suna. Wanda ya kafa shi, Herbert Eugene Bolton, an haife shi a 1870, ya rasu a 1953. Littafinsa na 1921, *The Spanish Borderlands*, ya tilasta wa Amurkawa su yarda cewa tarihin ƙasarsu bai fara da masu jin Ingilishi kaɗai ba, domin daga Fulorida zuwa Kalifoniya Sifaniyawa sun riga su da ƙarnoni. Kamar Bala, Bolton ya tona ma'adanar takardu a ƙetaren iyaka, a Meziko, ya kuma bi sawun matafiyan dā da ƙafarsa. Ya yaye masu digiri na uku sama da 100 a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli.

Amma Bolton ya faɗa ramin da Bala ya tsallake. Ya ƙaunaci majiyoyinsa har ya ari idonsu: limaman mishan da hafsoshin Sifaniya suka zama jarumai, 'yan asalin ƙasar kuwa suka zama ko dai masu jiran a wayar da su ko mahara. Sai da wani zubin masana ya zo, irin su David Weber da littafinsa na 1992, *The Spanish Frontier in North America*, kafin a fara ganin iyakar a matsayin wurin da kowane ɓangare ke da lissafinsa. Bala Usman ya yi wa Katsina irin wannan gyara tun a shekarun 1970, alhali majiyar da ya tuhuma ta gidansu ce.

Akwai kuma wani babi a tarihin waccan iyaka da ya kamata masu mulkin Katsina su sani. Bayan shekaru suna yaƙi da al'ummar Apaci ba nasara, a 1786 wakilin Sarkin Sifaniya a Meziko, Bernardo de Gálvez, ya fito da sabuwar dabara: a matsa wa masu yaƙi, waɗanda suka ajiye makami kuwa a zaunar da su kusa da barikoki ana ba su hatsi da nama da taba. An samu sauƙi na kusan shekara 40. Da Meziko ta samu 'yanci a 1821 baitulmali ya bushe, a farkon shekarun 1830 aka yanke rabon, yaƙi ya dawo fiye da dā. Jihohin Sonora da Ciwawa suka koma biyan lada ga duk wanda ya kawo fatar kan Ba'apace, mafarautan lada kuwa suka riƙa kashe duk mai baƙin gashi, har da waɗanda ba ruwansu. Apaci al'umma ce da ke kare ƙasarta daga baƙi, 'yan bindigar Rugu kuwa 'yan ƙasa ne masu aikata laifi a kan maƙwabtansu, don haka ba a haɗa su a mizani ɗaya. Abin da ya yi kama shi ne halin hukuma: zaman lafiyar da aka saya yana ƙarewa ranar da kuɗi suka ƙare, kuma farautar mutane bisa kamanni ba ta taɓa tsayawa a kan masu laifi.

Tsakanin sulhu da luguden wuta

Katsina ta gwada duka biyun. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu a 2016, ya sake yi a watan Satumban 2019, ya shiga daji da kansa aka ɗauki hotuna, sannan a 2020 ya ce an ci amanarsa ba zai ƙara ba. A 2021 aka rufe layukan waya da wasu kasuwanni, aka taƙaita sayar da mai. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. A farkon 2025 aka ƙulla sulhu a Batsari, wasu ƙananan hukumomi ciki har da Safana suka bi sahu. Ba mai hankalin da zai raina sauƙin da manomi ya samu idan ya iya zuwa gonarsa ya dawo. Wanda ke zaune a Abuja ko Kaduna ba shi da bakin zargin mutumin Runka don ya zauna da wanda ya kashe ɗan'uwansa, tunda hukumar da ta kamata ta tsare shi ba ta zo ba.

Amma sulhun da luguden wutar duk suna tafiya a kan zato ɗaya, wato yammacin Katsina wani bakin daga ne da ake lallaɓawa ko a ragargaza, mazaunansa kuwa rukuni biyu ne da ake sasantawa ta hannun masu bindiga. Idan aka zauna sulhu a matsayin Hausawa da Fulani, an naɗa ɗan bindiga wakilin duk wani makiyayi, har da wanda shi ɗan bindigar ya raba da garkensa. An kuma rufe bakin bazawarar da ke neman shari'a, domin maganarta za ta ɓata zaman lafiya. Tambayoyin da tarihin yankin ya nuna su ne tushe suna nan ba a taɓa su ba: wa ya mallaki wace gona a cikin gandun, da wace takarda, wa ya sa hannu? Ina burtalin da ke cikin taswirar gwamnati ya shiga? Wace kotu ce makiyayi da manomi za su shiga su fito ba a tatse su ba? Yaushe za a gurfanar da dillalin shanun sata da mai safarar makamai a gaban alƙali da sunayensu? Hukumar binciken filaye irin wadda gwamnatin Balarabe Musa ta kafa ta fi kusa da maganin wannan ciwo fiye da kowane taron miƙa bindigogi goma a gaban kyamara.

Bashin da ke kan masu ilimi

Nauyin farko yana kan waɗanda suka yi karatu, domin su ne ke ƙera kalmomin da sauran jama'a ke ɗauka. Lauya ko likita ko ɗan jaridar da ya rubuta cewa wata ƙabila ce annoba, ya sani akwai matashi a Batsari ko Safana da zai karanta a wayarsa, yana riƙe da bindigar gargajiya, kuma Bafulatanin da zai fara cin karo da shi ba shugaban daba ba ne, mai tallar nono ce ko tsoho mai jan akuya zuwa kasuwa. Haka wanda ya rubuta cewa duk abin da 'yan bindiga ke yi ramuwar zalunci ce, ya ba mai fyaɗe da ƙona rumbu lasisi. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Najeriya a wajejen 2009, aka shafe fiye da shekara goma kafin a dawo da shi. Zubin da ya tashi a wannan giɓi yana koyon labarin 1804 daga gajerun bidiyo, a bakin mutanen da ba su taɓa jin sunan Siddiƙu ko Ɗan Mari ba.

Jihar Katsina tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana da Jami'ar Tarayya a Dutsinma, wadda tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga Safana. Tana da hukumar tarihi da al'adu. Babu abin da zai hana a sake buga littafin Bala na Katsina da araha, a samar da shi cikin Hausa mai daɗin karatu, a karanta shi babi babi a rediyo yadda mutanen Ruma da Zakka za su ji tarihin garuruwansu. Babu abin da zai hana a tura ɗalibai su yi abin da ya yi: su zauna da tsofaffin da ke gudun hijira a Batsari da Katsina da Maraɗi, da ardo-ardon da suka rasa shanunsu, su rubuta wa ya mallaki me, yaushe aka ƙwace, wa ya sayar, tun kafin masu sanin su ƙare. Tarihin shekarun 2011 zuwa yau za a rubuta shi ko ana so ko ba a so. Idan masu bincike ba su rubuta shi da hujja ba, masu neman ƙuri'a da masu neman mabiya a intanet za su rubuta shi da ƙiyayya, kuma jikokin waɗanda ke raye yau za su gaji wannan rubutu a matsayin dalilin ɗaukar fansa.

Littafin Bala Usman ya tsaya a 1883. Babin da ya rage na yammacin Katsina yana jiran wanda zai ɗauki littafin rubutu ya nufi Runka.